Audugar Sabitu

A shekarar da aka fara raba ƙwayar maganin kuturta a ƙasar Dutsin-Ma, saura shekara uku a sami mulkin kai, akwai wani lebura a ɗakin magani ana ce da shi Sabitu. Aikinsa shara da ɗebo ruwa da wanke kwalabe. Amma in ya je gida Kurfi ganin iyali, ka rantse shi ke riƙe da lafiyar lardi duka. "Jiya mun yi wa mutum arba'in allura," in ji shi, alhali ko sirinji bai taɓa riƙewa ba, sai in ya faɗi ƙasa an ce ya miƙo.

Rannan Malam Dalhatu, disfensa mai ba da magani da Sabitu ke wa shara, ya ce za a buɗe wurin ba da ƙwaya a Kurfi duk ranar kasuwa. Ya ce kuma ana son mutum ɗaya wanda zai riƙa zaga ƙauyuka yana turo masu tabon da ba a gane kansa ba. Za a ba shi kaki, a ba shi keke. Sai dai a koya masa duba fata tukuna, wata shida.

Sabitu bai ji komai ba sai keken. Wata shida kuwa dariya ta ba shi, domin shi tuni ya gama karatunsa ta taga. Yana shara ya sha hango Malam Dalhatu yana ɗiga wa mutane auduga a jiki, ya kuma taɓa jin ya ce tabon kuturta ba ya jin taɓi. To, me ya rage? Auduga dai auduga ce.

Aka tura shi Kurfi saura mako guda a buɗe wurin, ya yi wa rumfa jinka ya kafa benci. Kafin ya kai gida ya gama shirinsa: ran da Malam Dalhatu zai iso, zai tarar da kutare a jere, an riga an gano masa su. Wa zai hana irin wannan mutum keke?

Yana shiga gida ya wawuri audugar da matarsa Ma'u ta gurje ta shiɓe za ta kaɗa.

"Malam, zaren nawa fa?"

"Aikin gwamnati ya fi zarenki."

Ya sa ta ɗinka masa farar riga da tsohon buhun gishiri, rubutun buhun ya fito ɓaro-ɓaro a gadon baya. Tana ɗinki ta ce, "Malam, in disfensa ya zo a nuna masa Baba. Tabon nan na dantsensa ya kai wata takwas. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi. Rannan tartsatsin wuta ya faɗa masa bai sani ba, sai da aka ji ƙauri."

"Mi disfensa zai gani wanda ban gani ba? Ki aika ƙauyenku Rawayau ya zo gobe."

Kashegari kasuwa na ci Sabitu ya hau benci ya ɗaga audugarsa. "Jama'a! Mai tabo, mai ƙurji, mai kirci, ya matso! Duba na Turawa, ba zafi, ba tsaga!"

A gefen rumfar akwai Gwaggo mai daddawa, tsohuwar ungozoma, wadda rabin garin a hannunta suka faɗo. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Sabitu, gishiri kake talla?"

"Gwaggo, Malam Sabitu ake cewa yanzu."

"Ni na yanke maka cibi. Tun ran nan kake ihu ba dalili."

Na farko da ya faɗa hannunsa Ɗanmusa ne, maƙeri daga Makera, ya kawo lauje da fartanya. Sabitu ya hango wani farin tabo a tafin hannunsa, ya cafke shi, ya ɗiga audugar.

"Ka ji?"

"Hannun nan garwashi nike ɗauka da shi in kunna lofe. Auduga zan ji?"

"Shi ke nan. Kuturu na ɗaya."

"Wa?"

"Kai."

"Ƙunar ƙarfe ce fa! Ina wurin aka yi ta!"

"Duk haka suke cewa. Ka dawo kasuwa mai zuwa a ba ka ƙwaya."

Mutumin da ke cinikin lauje ya ajiye lauje a hankali, ya goge hannu a gefen riga, ya sulale.

Sai ga wata dattijuwa Hasana ta jawo matar ɗanta Lauratu, mijin Hasanar na biye da sanda. Wasu fararen tabbai ne suka watsu a wuyan yarinyar har ƙirji. Sabitu ya naɗa auduga a tsinke, ya taɓa.

"Kin ji?"

Lauratu ta sunkuyar da kai. Ga uwar miji a dama, ga uban miji a hagu. Ko kunama ce ta harbe ta, a gaban waɗannan ba ta buɗe baki.

"Na ce kin ji?"

Shiru.

"Jama'a ku shaida! Ta biyu."

Gwaggo ta ce, "Kai sakarai, kunyar surukai take. Hasana, kankara wurin da farce. In ya yi gari kamar dussa, kyasbi ne, duk damina haka yake wa masu gumi."

Hasana ta kankara, gari ya tashi.

"Gwaggo," in ji Sabitu, "wanga ilimi daga Ingila ya zo cikin jirgin ruwa. Ba da ƙwayar ɗorawa ake dafa shi ba."

Hasana ta dubi Gwaggo, ta dubi farar riga mai rubutu. Rubutu ya rinjaya.

Daga nan aiki ya kankama. Wani manomi daga Barkiya ya kawo faso, Sabitu ya shafa masa auduga a dunduniyar da ƙaya ma ke karyewa a kai, ya zama na uku. Wani mai albaras, fari fat kamar an zuba masa nono, ya ce ya ji sarai, amma Sabitu ya ce jinkirin da ya yi kafin ya amsa ya isa shaida. Wani tsoho barci ya ɗauke shi a benci, ya farka ya tarar ya zama na shida. Sai ga gida guda, miji da mata da 'ya'ya biyar, suna susa kamar za su cire fata, tsakanin yatsu duk ƙazuwa. Auduga na taɓa su suka zabura.

"Madalla! Kowa ya ji. Lafiyarku ƙalau, ku tafi."

Suka tafi suna susa.

Da rana ta take, wani saurayin Bafillace, Ilu, ya zo wucewa, sanda a kafaɗa, kitso ya sha mai. Uwarsa Inno na can gindin tsamiya da ƙwaryar nono, 'yan matan ruga kewaye da ita. A kafaɗar Ilu akwai ɗan tabo mai haske.

"Kai ɗan Fulani, zo nan."

"Kaɗo, lafiya?"

Sabitu ya ɗiga auduga. "Ka ji?"

Ilu ya saci kallon gindin tsamiya. 'Yan mata sun juyo duka. Shi kuwa sau uku yana shiga sharo, inda samari ke buɗe ƙirji a tsula musu tsumagiya, wanda ya motsa ko ya ɓata fuska ba budurwar da za ta ƙara kallonsa. A gaban waɗannan zai ce ya ji auduga?

"Ban ji komai ba."

Sabitu ya ji daɗi, amma yana son jama'a su gani da kyau. Ya soka masa tsinke.

"Yanzu fa?"

"Ka fara ne?"

Ya aika aka karyo ƙayar aduwa, ya caka har jini ya tsatso. Ilu ya zaro ɗan madubi daga aljihu, ya shiga gyaran gira.

'Yan mata suka rangaɗa guɗa. Sabitu ya ɗauka tasa ce. Kansa ya kumbura, ya karyo reshen tsamiya, ya zage, ya zabga wa Ilu a kafaɗa. Ya ƙara. Ya ƙara na uku, har shi kansa ya yi tangaɗi. Ilu ya ɗaga hannu biyu sama yana murmushi.

"Kun gani! Wanga kam cutar ta ci shi har ƙashi! Ka dawo kasuwa mai zuwa, kada ka fasa."

"Uku ko?" in ji Ilu. "Zan dawo, Kaɗo. Wallahi zan dawo."

Gwaggo ta girgiza kai ta ci gaba da korar ƙuda.

Can wajen la'asar aka yi sallama a bakin rumfa. Malam Rabe ne, uban Ma'u, ya zo a kan jakinsa daga Rawayau. Sabitu ya diro daga benci, ya cire takalmi, ya durƙusa, ido a ƙasa. Shekara tara da auren, bai taɓa kallon fuskar surukinsa ba, balle fatar jikinsa. Shi ma dattijon ya kau da kai yana kallon jinka, ya naɗe hannun riga, ya miƙo dantse.

Sabitu, yana kallon babban yatsan ƙafarsa, ya miƙa hannu sama ta bayan kai, ya shafa audugar a inda Allah ya kai ta. A wuyan jaki ta sauka. Jaki ya kaɗa kunne.

"Baba, an ji?"

Malam Rabe ya ga ba daɗi a ba surukinsa kunya a gaban kasuwa. "To, an ji dai, Malam. Alhamdu lillahi."

"Lafiya lau ne, Baba. Ba komai. Allah shi ƙara lafiya."

"Jakin kam lafiyarsa lau," in ji Gwaggo.

Kafin a tashi kasuwa Sabitu ya haɗa kutare goma sha ɗaya.

Makon nan Kurfi ba ta zauna lafiya ba. Ɗanmusa ya koma Makera da laujensa cif, ba wanda ya saya. An ware wa Lauratu akushinta da randarta, tana kuka a bayan rumbu. Inno kullum ta shigo gari da nono ta koma da shi, kowa ya ce ɗanta ne mai tatsa. Ta zo ƙofar gidan Sabitu ta yi faɗa da Hausa, Hausa ta ƙare ta koma Fillanci. Sabitu ya ce duk masu babban aiki haka ake musu. Da hantsi sai ya fita fili yana gwada yadda ake ɗaga ƙafa a hau keke, a jikin turmi.

Ma'u ta ce, "Malam, da gaske ka duba Baba?"

"Ciki da waje."

"A wane hannu tabon yake?"

"Ke, sirrin asibiti ne."

Ma'u ta juya ta fita. Ta sake aikawa Rawayau.

Ranar kasuwa Sabitu ya jera mutanensa a inuwar rumfa, ya yi wa kowa lamba a hannu da gawayi. Duk sun zo, wasu don tsoro, wasu don su ga ƙarshen abin. Ilu ya zo da abokansa shida, da wata sanda doguwa naɗe a tsumma. Rabin kasuwa ta bar ciniki ta kewaye wurin.

Da hantsi ya ɗaga Malam Dalhatu ya iso a keke, akwatin magani a baya. Sabitu ya ƙame ya sara masa.

"Ranka ya daɗe, na rage maka aiki. Kutare goma sha ɗaya, duk na gwada su. Ƙwaya kawai za ka miƙa."

Malam Dalhatu ya dubi layin, ya dubi buhun gishiri, ya jingine keke a hankali. "Ku fito rana. Ba a duba fata a inuwa."

Ya fara da Ɗanmusa. Bai ma taɓa auduga ba. "Yaushe ya fito? Yana ƙaiƙayi? Mece ce sana'arka?"

"Ƙira."

"Tabon ƙuna ne. Je ka."

"Na faɗa masa! Na ce ina wurin aka yi!"

Da ya zo kan Lauratu ya ce surukai su koma bayan rumfa. Ya kankara tabon da gefen takarda, gari ya tashi. Ya taɓa ta da auduga a lafiyayyar fata tana kallo, ya ce ta rufe ido, ba sai ta yi magana ba, ta nuna da yatsa duk inda ta ji. Ta nuna, ta nuna, ba ta kuskure ko ɗaya ba.

"Kyasbi ne. Ga man shafawa. A mai da mata akushinta."

"Ilimin daddawa," in ji Gwaggo, da ƙarfi yadda na baya za su ji.

Kasuwa ta kwashe da dariya. Sabitu ya matso yana raɗa, "Ranka ya daɗe, ta taga ba a ganin yatsan."

Mai faso, kaushi ne, a jiƙa a goge a shafa man kaɗe. Mai albaras, ba kuturta ba ce, ba kuma a ɗauka. Tsohon nan, gajiya ce. Kowa aka sallama sai ya bi ta gaban Sabitu ya goge lambar gawayinsa a farar riga. Ana cikin haka masu ƙazuwa suka kutso, yanzu sun zama gida uku.

"Waɗannan fa?"

"Su lafiyarsu ƙalau, ranka ya daɗe. Suna ji sosai."

"Ina gani."

Saura Ilu, kuma a nan Sabitu ya sa ransa. "Wanga kam ko likitan Katsina ya zo ba zai musa ba. Ƙaya na sa masa. Bulala uku. Ko gezau!"

Malam Dalhatu ya juyo. "Bulala? Ɗan sharo ka buga, a gaban 'yan mata, kake jiran ya ce ya ji?" Ya zaga da Ilu bayan zana inda ba mai kallo, ya ce ya rufe ido ya nuna. Ba a daɗe ba suka fito. "Har ƙudan da ya sauka a kansa ya nuna mini. Kyasbi ne. Jama'a, ku sha nonon Inno."

Inno ta ɗaga ludayi sama ta yi guɗa.

"Goma sha ɗaya, Sabitu," in ji Malam Dalhatu. "Babu ko ɗaya."

A nan Ma'u ta ratso jama'a, lulluɓe har goshi, tana janye da akalar jaki, ubanta a kai. "Malam disfensa, don Allah a dubi Baba."

"An duba shi," in ji Sabitu daga tsugunne, ido a ƙasa. "Na sallame shi."

Malam Dalhatu ya kai dattijon gefe cikin haske. Tabon na nan a dantse, fari-fari da ɗan ja a baki, busasshe, ba gashi ko ɗaya, ga gumi ko'ina ban da wurin. Ya ce ya rufe ido. A lafiyayyar fata yatsa ya bi auduga daidai. A kan tabon aka taɓa sau huɗu, dattijo na zaune yana jira a fara. Ya latsa jijiyar gwiwar hannu, ya ji ta yi kauri.

"Baba, ita ce," ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa. "Amma ɗiyarka ta kawo ka da wuri. Ƙwaya duk mako, kada a fasa, in Allah ya so ko farce ba za ka rasa ba. Ka ci gaba da nomanka." Sannan ya ɗaga murya. "Sabitu, a ina ka gwada shi?"

"A wuyan jaki," in ji Gwaggo.

Har Malam Rabe sai da ya rufe baki da hannun riga.

Sabitu ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "To ranka ya daɗe, maganar keke…"

"Keke na wanda zai zauna wata shida a cikin ɗaki ne, ba a taga ba. Kai ga naka aikin: duk ranar kasuwa ka je Rawayau ka kawo surukinka, ka mai da shi. Ran da ya rasa ƙwaya, tsintsiyar ma ka rasa ta."

Sabitu ya juya zai sulale, sai ya ci karo da ƙirjin Ilu. Ana kwance tsumma daga sandar: tsumagiyar tsamiya ce, ta sha mai ta sha hayaƙi, tana lanƙwasa kamar maciji.

"Kaɗo, na dawo."

"Ai an sallame ka. Lafiyarka lau."

"Na sani. A wurinmu wanda ya buga shi ma sai ya tsaya. Ka yi uku. Buɗe ƙirji."

"Gwaji ne fa! Aikin asibiti!"

"Ni ma gwada ka zan yi, in ga ko kana ji."

"Ina ji! Wallahi ina ji! Tun daga nan nike ji!"

Ilu ya ɗaga sandar kawai, bai sauke ba. Sabitu ya kurma ihun da ya tashi ungulayen mahauta, ya tsallake benci, ya bi ta kan faifan daddawar Gwaggo, ya kifar da kwandon barkono, ya yi cikin gero. Rigar gishiri ta maƙale a ƙaya, ya bar ta nan. Samarin Fulani ba su ko bi shi ba, dariya ta zaunar da su.

"Wannan kam," in ji Malam Dalhatu yana buɗe akwatinsa, "ba shi da kuturta."

Keke wani ɗan Barkiya aka ba, mai shiru-shiru. Malam Rabe ya sha ƙwaya, tabo ya dushe, ya mutu da yatsunsa goma bayan shekaru masu yawa. Duk ranar kasuwa kuwa, shekara da shekaru, ana ganin jaki a hanyar Rawayau, dattijo a sama yana kallon gabas, Sabitu a ƙasa riƙe da akala yana kallon yamma. In suka wuce majalisa sai Sabitu ya rage murya ya ce, "Kun ga wanga? Ni na gano shi." In kuwa ya hango Bafillace da sanda, sai ya koma ɗaya gefen jakin.